Yadda Inna Ta Ɓace Tsakanin Manhaja Biyu

Edita, assalamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya faru, ni ce mai shigar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta a wani ƙaramin asibitin unguwa da ke Zongo, nan Kwatano. Karatuna a lakwal bai yi nisa ba, amma ni mace ce mai tsari. Ba na fara aiki na biyu sai na gama na farko, kuma ba na wasa a biro, wato ofis. Abokan aiki suna kirana soja a bayan idona. Na sani, kuma a lokacin daɗi yake yi mini.

Muna da tsohuwar manhaja ta lissafin alƙaluma, da Faransanci take, a cikinta nake rubuta kowane mai ciwon suga da awon jininsa. Sai ƙungiyar da ke tallafa mana ta kawo sabuwa, mai Turanci. Aikinta ta ɗebi bayanai daga tsohuwar, ta tace, ta fitar da waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, domin malamar asibiti ta riƙa bin su gida tana duba su. Mutumin da ya girka ta ya koma Legas, ya bar mini haɗa su. Da na danna wurin haɗawa, sai jan rubutu na gargaɗi ya fito, komai ya tsaya. Shef ɗinmu, wato shugaban asibitin, ya ce rahoto ake jira, in bai tafi ba maganin wata mai zuwa ba zai zo ba.

Na bi abin daki-daki, yadda na saba. Da farko na duba ko sabuwar ta girmi abin da kwamfutarmu za ta ɗauka, na ga lafiya lau. Na biyu, na sabunta tsohuwar. Na uku, na daidaita sunayen gurabe, domin abin da waccan ke kira da wani suna, wannan da wani take nemansa. Jan rubutun ya ragu, amma bai tafi ba. Na huɗu shi ne abin da nake nadama. Na ga wani ɗan akwati da ke cewa a tsallake duk layin da bai karantu ba. Na danna shi. Nan take jan ya koma kore, zane-zane suka fito tsaf. Ban tambayi kaina ko layin waye aka tsallake ba.

Alamu sun zo, ni ce na ƙi kallo. Zanen ya nuna tsofaffi masu ciwon suga sun ragu ƙwarai a Zongo, shef har ya yaba mana a taro. Amma bencin ƙofar asibiti bai ragu da tsoho ko ɗaya ba. Malamar asibiti ma ta ce mini tana mamaki, gidajen da ake tura ta yanzu duk na matasa ne. Na ce mata ta bi abin da aka ba ta, aikina ba nata ba ne.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, 'yar Nijar, mai ciwon suga, tana sayar da gwanjo a kasuwar Missèbo. Inna nake kiranta, ita kuma 'yata take ce mini, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Wata safiya da damina, ruwa ya kwanta a lungunmu, na same ta tana ratsa shi da silifa, ƙafarta ɗaure da tsumma. Ta tare ni da tsokana, wai tun da muka samo sabon inji mun zama manya, malamarmu ta daina shan kununta, ko sai ta haɗa da ƙosai za a tuna da ita? Na tambaye ta ƙafar, ta ce ƙusa ce ta ɗan taɓa ta a kasuwa. Abin da na faɗa mata har yau yana cikin kunnena. Na ce in ba a zo gidanta ba, to sugarta ta sauka ne, domin inji ba ya son kai kuma ba ya mantuwa. Ta ce to alhamdu lillahi, ta tsayar da mai babur ta tafi.

Daga nan na daina ganinta a lungu. 'Yarta ce ke zuwa kasuwa a madadinta, kuma in mun haɗu sai ta ce Inna tana ɗan hutawa. Wata rana na wuce ƙofarsu na ji ƙamshin turare mai yawa, fiye da yadda gida ke buƙata, da wani wari a ƙarƙashinsa. Na tsaya, na duba agogo, na ga zan makara, na wuce. Ranar da aka kawo ta asibitinmu a kwance, likita ya kwance tsumman kawai ya ce a wuce da ita babban asibiti. Can aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Na koma kan kujerata na nemi sunanta a tsohuwar manhaja. Tana nan, da awon sugarta mai ban tsoro. Na nema a sabuwa, babu ita. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, sai na gane. Tsohuwar tana karɓar shekarar haihuwa kawai, ko da ta kintace ce. Sabuwar kuwa sai da rana da wata. Duk wanda ba shi da takardar haihuwa, wato iyayenmu da aka haifa a ƙauyukan Nijar da arewa, su ne layukan da ba su karantu ba. Na kira mutumin Legas, ya ce ai abu ne mai sauƙi, in sa musu ɗaya ga Janairu duka. Kafin shayina ya huce, duk sun dawo.

Na je na faɗa wa Inna komai, ban rage ba. Ta daɗe tana kallon silifarta guda da ke gefen gado. Sannan ta ce ita dai an gaya mata shekarar da fara ta cinye gonaki aka haife ta, da ta san inji zai tambayi rana, da ta tambayi mahaifiyarta tun tana raye. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta daina ce mini 'yata ba, kuma wannan ya fi zagi nauyi a wurina.

Ga abin da na koya, ga duk mai irin aikina. Jan rubutu ba maƙiyinka ba ne, yana gaya maka wani abu ne, kada ka kashe shi don ka huta. In ka haɗa manhaja biyu, ƙirga mutanen da suka shiga da waɗanda suka fita, in ba su yi daidai ba kada ka tashi. Sannan in mutum ya tsaya a gabanka ya ce an manta da shi, ka yarda da shi kafin inji. Inna ta gaya mini da bakinta, tana tsaye da ƙafa biyu.