Rantsuwar da Na Yi wa Gwaggo a Kan Hotonta

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a harkar rubuta manhaja, wata ƙungiyar mata masu busar da tumatir a Ikara ta nemi a yi wa mambobinta katin shaida. Abokina mai shagon hoto ya karɓi aikin, ni kuma na rubuta masa 'yar manhaja: a ɗauki hoto ya fito a allo, in bai yi kyau ba a danna maɓallin gogewa. Sau biyu na gwada, na ce ba ta da aibu.

Cikin matan har da gwaggona, yayar mahaifina, ta zo daga Janfalan. Ana cikin ɗaukarta mayafinta ya zame, kitsonta ya fito fili, furfura da komai.

Ta ce, "Kai, goge wannan."

Na danna. Hoton ya ɓace daga allo, rubutu ya fito: an goge.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Gwaggo."

"Rantse."

"Wallahi na goge."

Washegari da safe, kafin a kai hotunan Zariya wurin bugawa, na buɗe foldar da hotunan ke ajiye a cikin kwamfuta don in tantance. Ga gwaggo nan ba mayafi. Ga sauran hotunan da muka ce mun goge, duk suna nan daram.

Sai da na kai azahar kafin na gano inda gizo... a'a, inda ni kaina na yi ɓarna. Duk hoton da manhajar ta nuna a allo, tana riƙe da fayil ɗinsa a buɗe, kwamfuta kuwa ba ta yarda a goge fayil ɗin da ake riƙe da shi. Kwamfutar ta yi ta ƙorafi, amma ni da wayona na riga na rubuta cewa in kuskure ya taso a yi shiru a wuce. Gyaran bai fi layi huɗu ba: a saki hoton, a rufe fayil ɗin, a goge, sannan a duba ko ya tafi kafin a ce ya tafi.

Abokina ya ce, "Malam, goge ka ja bakinka. Wa ya sani?"

Na goge na sauran matan. Na gwaggo kuwa, da rantsuwa a kansa. Na rataya kwamfuta, na hau acaɓa sai Janfalan.

Bayan mun gama gaisawa na faɗa mata. Ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai."

"Kai da na goya? Da sauƙi. Amma ɗan nan, ka ambaci sunan Allah a kan maganar na'ura?"

Na kunna kwamfutar, na fito da hoton. Na nuna mata maɓallin, ta danna da yatsanta. Na buɗe foldar, muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ta ce, "To, yanzu na gani," ta miƙe ta zubo mini fura.

Har yau ba na barin manhajata ta ce ta yi abin da ba ta duba ba. Ni ma in aka tambaye ni ko aiki ya yiwu, nakan ce, "Bari in duba tukuna."