Sunan Phoebe a Takardar Lahadi

'Yata Phoebe ta karanci ilimin kwamfuta, ta dawo Minna a 2008, ta kama aiki a wani shagon buga takardu a Tunga. Mai shagon, Ndaman, shi ke buga wa cocinmu takardar sanarwa ta Lahadi. Kafin zuwanta da hannu ake tsara komai. Ita ta zuba bayanan mambobi cikin fayil na XML, ta rubuta ƙa'idoji da XSLT waɗanda ke juya bayanan su zama shafin bugawa.

Ta taɓa yi mini bayani muna cin doya. Tushen duka shi ne "mamba". Daga jikinsa aka fitar da dattijo, da mawaƙi, da marigayi. Duk wanda ba a rubuta masa tasa ƙa'idar ba, ta mamba ce ke aiki a kansa.

Na ce, "To marigayi fa?"

"Shi ne ban kai ba, Baba. Da ido nake cire su daga jerin masu murnar ranar haihuwa tukuna. Na ce Oga ya bar ni in ƙarasa, ya ce katin biki ya fi gaggawa."

Ta rasu a hatsarin mota a hanyar Kuta, farkon 2011.

Da watan Agusta ya zo, watan haihuwarta, sunanta ya fito cikin masu murnar ranar haihuwa. Sabon mai sanarwa bai san ta ba. Ya karanta, ya ce ta miƙe a tafa mata. Mahaifiyarta, Rose, ta tashi ta fita.

Washegari na sami Ndaman a shago.

"Baba, wallahi da hannuna na sa ta cikin marigayi. Abin ne ba ya ji."

"Ka sa a rubuta ƙa'idar."

"Wa zai rubuta? Duk wanda na kawo, ya leƙa ya gudu. Ita kaɗai ta san kansa."

"To ka riƙa cirewa da ido, yadda take yi."

"Ba cocinku kaɗai nake bugawa ba, Baba. In na tuna bana, baɗi fa? Ka bari in goge ta gaba ɗaya. Baftisma, ƙungiyar mawaƙa, komai. Ba za ta sake fitowa ba."

Ya ɗora yatsa a kan maɓallin yana jirana. Na ce ya ɗauke hannunsa.

Bana ma sunan ya fito. Rose ba ta zuwa coci a wannan Lahadin. Ni nakan je in zauna, a karanta, a tafa. Ndaman ya ƙara shago na biyu, kuma da aikinta yake bugawa har yau.