Gadar da Ta Sauka a Kan Bencin Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba mai gyaran takalmi ya yi a jikin katangar asibiti, da bencinsa da gwangwanin ƙusoshi da wata tsohuwar lema duk faci. Mutumin kirki ne, sai dai Allah bai ba shi haƙurin jin kuskure ya yi shiru ba. Ka ce masa yau ana rana, zai ce maka ba haka ba ne, jiya ta fi. Shi ya sa unguwa ke kiransa Baba Ba-haka-ba, har da matarsa in ya ba da baya.

Da aka ce za a gina gadar masu tafiya da ƙafa a titin, hankalinsa ya tashi, don wurin nan shi ne abincinsa. 'Yarsa ta fari, wadda ke aiki a ofishin tsara birni, ta ce ya kwantar da hankalinsa. Can ƙasa za a yi gadar, kusa da gidan mai, ba mai taɓa bencinsa.

"Za a tara 'yan unguwa a nuna musu a kwamfuta," ta ce. "Don Allah, Baba, ka je ka zauna kawai."

"Wai ni na cika magana ne?"

Ranar taron, ga titinsu a babban allo, har kwatar da ke gaban gidan mai. Injiniya ya danna wani abu, sai ƙananan mutane kamar tururuwa suka sauko daga motocin haya, suka bi gefen titi cikin ladabi, suka hau gada. Aka yi tafi. Baba ya kalli silin, ya gyara hula, ya cije leɓe. Bawan Allah ya yi ƙoƙari, ya kai kusan minti biyu.

"Ba haka ba ne."

'Yar ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, mutanen nan naku ba su da majinyaci ne? Wanda ya riƙo kwanon abinci da ruwan zafi ba zai taka har gidan mai ya dawo ba. Daidai ƙofar asibiti suke tsallakawa, da gudu. Silifas nawa na ɗinka da suka tsinke a tsakiyar titin nan? Bara ma na tsinci silifas ƙafa ɗaya, har yau mai shi ba ta zo nema ba."

Injiniya ya ce wa 'yar ta shigar da abin da tsohon ya faɗa. Nan take mutanen allo suka yi watsi da gadar, suka dinga kutsawa tsakanin motoci. Injiniya ya sa yatsa ya jawo gadar sama, a hankali, har inda suke cunkushewa. Sai ga su suna hawa. Matakalar kuwa ta sauka a jikin katangar asibiti, daidai kan bencin Baba.

"Baba, ka ga inda ta sauka?" in ji 'yar.

Baba ya kalli allon. Tsoro ya kama shi sosai, don bai san inda tsoho kamarsa zai fara neman sabon wuri ba.

"Na gani," ya ce. "Nan ne wurinta. Ku bar ta a nan."