Gilashin Motar Shanu da Zariyar Wandona

Yanzu tsufa ya kai ni inda zan yi ta neman hulata alhali tana kaina, amma akwai rana guda da ko sunana na manta ba zan manta da ita ba. Ita ce ranar da na sa wa wata motar shanu gilashi a Gyaɗi-Gyaɗi.

Lokacin ba a daɗe da canja hannu a titi ba. Ina aiki a rumfar wani mai sa gilashin manyan motoci, a bakin babban titin da ke fita kudu. Boko dai aji biyu na yi, malamin ya ce in tafi kada in ɓata masa sauran yara, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Amma hannuna yana jin gilashi. Tsofaffin motoci masu gilashi biyu shimfiɗaɗɗu, da ƙarfe a tsakani, ina iya sa musu ina cin gyaɗa. Sababbin ne masu gilashi ɗaya lanƙwasasshe maigidana ba ya bari in taɓa, sai dai in riƙe masa daga waje.

Ran nan maigidan ya tafi ƙauyensu ta'aziyya. Da hantsi sai ga wata babbar mota irin sababbin nan ta tsaya, shaƙe da shanu, gabanta wayam babu gilashi. Direban ya sauko ya naɗe fuska da rawani, idanu jawur kamar ya kwana yana daka barkono. Dattijo ne da na sani, yana zaune a Tarauni, ya yi tuƙi tun kafin in san hagu da dama. Dutse ne ya taso daga tayar wata mota ya watsa masa gilashin yana shigowa gari.

"Ina maigidanka?"

"Ya yi tafiya, Baba. Sai jibi."

Ya zauna a kan benci. Ashe mai motar ya gaji da shi, yana cewa ya tsufa, har ya faɗa masa in shanun nan suka kwana a Kano, ya ajiye makulli, akwai matashin da ke jira. Ga damina, ba mai nufar kudu da fuska a buɗe. Ya zaga duk inda ake sayar da gilashi babu irin nasa, sai guda ɗaya da ya samu a jikin wata motar da ta yi hatsari aka yar a Hotoro. Ya ciro shi da tsohuwar robarsa, ya naɗo a bargo kamar jariri.

"Ɗana, za ka iya?"

Na dubi gilashin, na dubi furfurarsa. Na ce, "Baba, ban taɓa sa irin wannan da kaina ba, amma na sha riƙewa. In ka yarda, bismilla."

Ya ce, "Gilashin nan shi kaɗai ne a Kano."

Na ce na ji.

Ga wanda bai sani ba, yadda ake yi shi ne: a sa wa gilashi robarsa a kewaye, a cusa siririyar igiya cikin tsagar robar, mutane su manna shi daga waje, kai kuma kana ciki kana jan igiyar a hankali, tana ɗago leɓen robar tana ɗora shi a kan ƙarfen mota. In roba ta yi laushi, abin kamar wasa. To wannan robar ta sha rana ta bushe kamar ƙirgi.

Kusa da mu akwai wata tsohuwa mai tuwo, kowa Inna yake ce mata, bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Na je na ce ta ara min tukunya da ruwan zafi in dafa roba.

"Ka dafa me? Kai dai ɗan nan ba a gama haihuwarka ba aka fito da kai."

Amma da ta hango dattijon a zaune ya yi tagumi, ta miƙo tsohuwar tukunyar da take jiƙa kwanuka. Robar ta sha zafi ta saki jiki. Na sa ta, na cusa igiya, na shafe da ruwan sabulu. Na kira mai faci da wani makaniki maƙwabtanmu, na ce su riƙe da tafin hannu, wanda ya buga ya biya da kansa. Na tuɓe riga saboda zafi, na hau kujerar direba daga ni sai singileti da wando.

Ƙasan gilashin ya shiga lafiya. Da muka zo kwanar farko sabulun ya bushe, rana ta shanye shi, robar ta cije. Na ƙara ja kaɗan, sai gilashin ya yi wata 'yar ƙara, ƙis. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san ƙarar nan, gargaɗi ce, ba ya yin ta sau biyu.

Makanikin ya ce, "Zuba baƙin mai mana!"

Na ce, "Mai cin roba yake, wata guda ruwa zai riƙa yi wa Baba wanka a mota."

Inna na tsaye da ludayi a hannu tana kallonmu. Ta ce, "Santsi kuke nema kuka tsaya kamar tumaki?" Ta koma ta damo karkashi ɗanye a kwano, ba mai ba gishiri, ta miƙo min ta taga. "Ungo. Wannan ko maƙogwaron marowaci ya shiga sai ya wuce."

Wallahi na shafa shi, robar ta bi igiya sumul, rana kuma ba ta busar da shi da wuri. Kwana ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, sama ta kusa haɗewa. Mutane sun taru a gaban motar, masu jiran mota, masu cin tuwo da kwanukansu a hannu. Shanu na ta kuka a baya. Har na fara jin kaina ya yi girma.

Saura kamar kamu ɗaya a kwanar ƙarshe, igiyar ta tsinke. Guntun ya shige cikin roba.

A nan ne wurin ya fi hatsari, don duk nauyin gilashin ya taru a wannan kwanar. In aka saki ko aka daɗe, zai tsage. Na sa hannun hagu na tallafe shi, na yi ihu a kawo igiya. Wani ya kawo ta ɗaurin shanu, mai kaurin yatsa. Na duba ko'ina cikin motar, babu abin da ya dace sai abu guda, yana ƙuguna. Zariyar wandona, saƙar hannu, siririya, mai ƙarfi.

Na zare ta. Na tsoma a karkashi, na cusa ta bayan leɓen robar da ɗan yatsa, na kama bakinta biyu da hannun dama, hagu na tallafe da gilashi. Ina tsaye a sunkuye a kan kujera, sai na ji wandon ya kama hanya. Ya sauka gwiwa. Ya sauka idon sawu. Ni kuwa ina bayan gilashi tangaran, a sama, duk Gyaɗi-Gyaɗi na kallona da ɗan kamfai da ƙafafu kamar na zalɓe.

Wurin ya kece da dariya. Inna ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Innalillahi! Ashe abin da muke ciyarwa ke nan, duk tuwon ina yake tafiya?" Makanikin ya fara dariya, gilashin ya motsa, na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba: "Ka yi dariya gobe! Riƙe!" Ya riƙe. Na ja a hankali, a hankali, sai na ji ɗuf. Roba ta hau. Gilashi ya zauna kamar da shi aka ƙera motar.

Sai a lokacin na sunkuya na ɗauko wandona.

Dattijon shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya watsa wa gilashin, ya shiga ya shafa gefe-gefe, ko ɗigo bai shiga ba. Ya kwance rawaninsa, ya yago ƙyalle daga gefensa, ya miƙo min in ɗaure wando. "Ɗaura, ɗana. Ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka." Na ce, "Baba, nawa kam yau ya riga ya tonu." A nan ne ya yi dariya har da hawaye. Kafin azahar ya kama hanya, kuma ya ci gaba da tuƙa motar nan shekaru, ba ya wucewa bai danna min oda ba.

An daɗe ana tsokanata da zancen, har 'ya'yana sun ji shi a bakin mutane, ban taɓa musawa ba. Na sa gilasai bayan nan ba adadi, amma babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan. Abin da ranar ta koya min shi ne, hannu biyu kawai Allah ya ba mutum. In abincin wani yana cikinsu, to babu na riƙe wando.