Na'urar da Yaya Ta Bari a Tsaye

Wanda Ya ba mu ke Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, mota ta buge ki a bakin titi, Yaya, kin fita sayo wa Inna magani. Kafin a kira ni daga shagon gyaran janareta, rai ya yi halinsa.

Aikinki ba kowa ya gane shi ba a gidanmu. Ni kin zaunar da ni kin yi mini bayani: kowace kwamfuta tana da zuciya can ƙasan abin da ido ke gani, kuma idan ta sandare ba ta da bakin faɗin ciwonta. Sai ki jona mata siririyar waya zuwa wata kwamfutar, ki tsayar da ita cak, ki leƙa cikinta. Inna takan ce ta haifi likitar bebaye.

Lokacin da na bar makaranta kowa ya ce ba ni da kai. Ke kuwa kika miƙo mini dalmar liƙa wayoyin lantarki, kika ce hannuna ya fi naki natsuwa. Siririyar wayar da ke kan teburinki yanzu ni na liƙa ta.

Watanni kina fakon wata matsala a na'urar da ke lura da ɗumin jarirai bakwaini a ƙananan asibitoci. Haka kawai takan daskare, ba dalili. Ran Talatar nan ta daskare a gabanki, kika riƙe ta a daidai wurin. Kika kira ni kina dariya: "Ƙanena, na kama ta. Kada wuta ta ɗauke, kada kowa ya taɓa. Yanzu zan dawo."

Tana nan yadda kika bar ta. Ɗan ɗigon nan na allo yana ta ƙiftawa, yana jiran umarninki. Goggo na son a share ɗakin saboda baƙi mata, na hana. Kawu ya kai hannu zai zare soket ya sa cajin waya, na riƙe shi. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar.

Abokan aikinki suna nesa. Sun ce in na'urar ta mutu shaidar matsalar ta tafi, sai a sake jira, jarirai kuma ba sa jira. Sun so su koya mini ta waya, na duba rubutun, ban gane ko layi ɗaya ba. Wuta kam ina iya ba ta da janareta. Amma batirin na'urar ya fara kumbura, ina jin zafinsa a tafin hannuna.

Don Allah, duk wanda ya san wannan aiki kuma ya karanta, ya zo. Ƙofa a buɗe take.

Ina yi wa Inna, da mijinki, da 'yarki ta'aziyya. Allah Ya ba mu dangana. Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe kurakuranki, Ya cika kabarinki da hasken da ba ya ɗaukewa.