Takobin Gwaram da na Ingila

A shekarun da kuɗin fetur ya fara hawa kan manyanmu, ina ƙaramin malami a wata makarantar kwana ta maza a Birnin Kudu. Shugaban makarantar ya je kwas na wata huɗu a Ingila, ya dawo da tari irin na Turawa kafin ya yi magana, da hular waya mai rufe fuska, da wani siririn ƙarfe a doguwar jaka. Wata huɗu kacal ya yi, amma ranar da ya dawo sai da ya tambayi kuku me ake sa wa miyar nan take yin kore.

Ya tara mu a ofis, ya zaro ƙarfen, ya ce sunansa foyil, takobin wasa ne da 'ya'yan manya suke yi a can. Ƙwallo, in ji shi, wasan marasa aiki ne. Ranar raba kyaututtuka yana so a nuna wa baƙi cewa Birnin Kudu ta waye. Da ya tambaya wa ya san takobi, na yi wuf na ɗaga hannu, alhali duk sanina shi ne kakana yana da ɗaya a rataye, kuma ba a bari mu taɓa. Nan take aka naɗa ni malamin wasanni.

Matsala ɗaya ce, takobi ɗaya ba ya wasa, kuma kafin wani ya iso daga waje an gama bikin. Sai bakina ya sake ja mini. Na ce a garinmu Gwaram akwai maƙerin da ko jirgi ka nuna masa zai ƙera.

Shugaba ya ba ni aron nasa kamar mai ba da ajiyar ɗa, ya karanta mini sharuɗɗan zaɓe. Dole ruwan takobin ya lanƙwasa idan ya taɓa ƙirjin mutum, ya kuma miƙe da kansa. Nauyinsa ya zauna kusa da hannu. Bakinsa a toshe. "Kada ka zaɓa da ido, Malam," in ji shi, "da hannu ake zaɓa."

A motar kasuwa da na shiga, wata tsohuwa ta tambaye ni ko eriyar rediyo ce. Na ce eh, don a zauna lafiya.

Maƙerin abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Ya karɓi ƙarfen, ya goga babban yatsa a gefensa, ya duba yatsan.

"Ina kaifin?"

"Ba shi da kaifi, Baba."

"Tsinin fa?"

"An toshe shi, don kada a ji ciwo."

Ya ɗago kai ya ce, "Wato mutum biyu za su tsaya da takobi, kowa yana addu'ar kada ɗan'uwansa ya ji ciwo. To, me ya hana su gaisa kawai su wuce?"

Na yi masa bayanin wayewa iyakar ƙoƙarina. Ya ce in dawo bayan kasuwa biyu, kuma kada in gaya wa kowa a garin shi ya yi.

Da na koma, guda uku ya shimfiɗa mini a kan buhu. Na farko da rodi ya yi shi. Na dafa shi a jikin bango, ya lanƙwasa, ya ƙi dawowa, ya zauna kamar lauje. Na biyu baƙi ƙirin, mummuna, mariƙinsa guntun icce, amma da na dafa shi ya rusuna ya miƙe tsaf, kuma a hannu kamar ba ka riƙe komai ba. Na uku daga sifirin babbar mota ya fito, ƙarfen nan mai ɗauke nauyin kaya. Ya goge shi yana ɗaukar ido, ya yi masa mariƙin tagulla naɗe da jar fata. Na dafa shi a bango, bangon ne ya zubo da ƙasa.

"Idan wasan da ka faɗa ne, ɗauki baƙin," in ji Baba. "Wancan don kaina na yi shi, hannuna ya ƙi barina in tashi ban yi na kirki ba."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma na hango kaina a gaban baƙi riƙe da abu kamar muciyar da ta ƙone, shugaba kuwa da nasa na Ingila. Na ɗauki mai jar fata. Baba ya yanko guntun tayar mota ya toshe bakin, ya ce, "Kai ka zaɓa. Ka gaida mai tsautsayin."

Shugaba bai ga takobin ba sai ranar biki, don da kara muka yi ta gwaji, yana tsoron nasa ya ƙarce. Hular waya ma ɗaya ce, tasa. Ni rariyar tankaɗen gari aka aro daga kicin aka ɗaura mini a fuska da igiya, ina numfashi ina shaƙar tsaki.

Babban baƙo wani Alhaji ne ɗan kwangila daga Kano, an jera masa lemon kwalba a gaba. Shugaba ya fito cikin farin kaya, ya riƙe ƙugu da hannu ɗaya, ya ƙwala wata kalma da ya ce Faransanci ce. Sannan ya taho a karkace, yana 'yan tsalle kamar zakaran da ya taka garwashi.

Ban yi niyyar komai ba, Allah shi ne shaida. Karewa kawai na yi. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, na ji ƙas! Rabin takobin Ingila ya tashi sama ya sauka a cikin lemon Alhaji. Shugaba kuwa ya riga ya taho da ƙarfinsa, ƙirjinsa ya sami bakin nawa. A ƙa'ida nan ne ya kamata ya lanƙwasa. Sifirin mota bai san ƙa'ida ba. Shugaba ya zauna daɓas a ƙasa, ƙafafu a sama.

Yara ɗari uku suka tashi da ihu irin na filin dambe: "Ya kashe shi! Ya kashe shi!" Wasu har suka nufo ni za su ɗaga.

Abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne jawabin Alhaji. Ya ɗauka haka aka shirya. Ya ce yau ya ga darasi, an nuna wa yara cewa kayan gida sun fi na waje ƙwari, kuma ya yaba wa shugaba da ya yarda ya faɗi don ɗalibai su ƙaru. Ya nemi a tafa masa. Shugaba yana tsaye dafe da ƙirji, dole shi ma ya tafa.

Washegari na sami takarda a kan teburina. An gode mini bisa hidimar da na yi wa wasanni, an kuma ɗaga ni zuwa mai kula da tsabtar makewayin ɗalibai. Shekara biyu na riƙe muƙamin, babu wanda ya yi mini hassada.