Shagon da Ba a Shiga da Ruwa

Ranar Asabar ɗin nan na narkar da tukunya. Ba abin da ke ciki ba, ita kanta tukunyar. Matata za ta unguwa, ta ce in ɗora ruwan wanka a kan gas. Na ɗora, na leƙa ƙofar gida, sai ga maƙwabcina da labarin ƙwallo. Ni kuwa bakina idan ya kama hanya ba shi da birki, shi ya sa ake ce min Rediyo. Da na dawo, ruwa ya ƙone ƙurmus, gindin tukunya ya huje, wani abu mai sheƙi yana ɗiga. Na tsaya baki sake. Tukunyar da ta yi shekaru a kan wuta ko gezau, yau ta zube don na juya baya?

Na jefa ta a buhu, na nufi shagon mijin yayata. A hanya na ga ta yi baƙi ƙirin, kunya ta kama ni, na tsaya wajen masu wankin mota na wanke ta fes.

Mijin yayata maƙerin tukwane ne, ana kiransa Ba-Gaggawa. Yana sayen gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan inji na alminiyum, ya narka su a kasko, ya zuba a yashin da ya fitar wa siffa, tukunya ta fito. A shagon mahaifinsa ya koya. Yana saurayi wani abu ya fashe a kaskon ya tafi da idonsa na hagu, kuma bai taɓa zama ya ba da labarin ba. Da idon daman ya nemi yayata, da shi ya yi ta zubin tukwane har 'ya'yansa suka gama makaranta. Idan zai dube ka sai ya juyo da kai gaba ɗaya, kamar zakara ya ga tsaba.

Dokarsa ɗaya ce: ruwa ba ya ƙetare ƙofar shagon. Robar ruwan shansa a waje take, gindin turken lantarki. Ko yashin zubi, da dole sai an ɗan yayyafa masa ruwa, a bayan shago yake haɗa shi. Kowane guntun ƙarfe sai ya jera shi a bakin murhu ya sha zafi kafin ya shiga kasko, har da ludayin ɗiba. Ni duk a rowa da tsirfa na ɗauki abin. Na sha ce masa shi kaɗai ne mutumin da baƙo zai mutu da ƙishirwa a gabansa yana kallo.

Ya ɗaga tukunyar, ya leƙo ni ta hujin.

"Rediyo, hira ka tafi ko?"

"Yaya, bar wannan. Me ya sa ba ta taɓa narkewa ba sai yau?"

"Ruwan ne ke tare mata faɗa. Shi a digiri ɗari yake tafasa, in ya kai nan ba ya ƙara zafi, sai dai ya yi ta tashi tururi yana kwashe zafin. Ita kuwa sai ta haura ɗari shida take narkewa. Ka bar mai rabon faɗa ya tafi, wuta ta same ta ita kaɗai."

Na leƙa kaskon. Narkakken alminiyum yana kwance luf, yana sheƙi, ko kumfa ɗaya babu.

"To ai naka bai ma tafasa ba."

"Ba zai tafasa ba. Narkewa daban, tafasa daban. Wannan kafin ya tafasa sai ya wuce dubu biyu, murhun nan ba shi da wannan ƙarfin. Kai kumfa kake jira kafin ka ji tsoro. Ja baya. Ga guduma can, ka farfasa ta, ka jera min a bakin murhu."

Na farfasa. Gefen bakin tukunyar ya nannaɗe, kuma ashe akwai ruwan wankin nan maƙale a ciki. Shi ya sunkuya yana gyara gawayi, fuskarsa dab da kasko. Ni kuma na ga jere-jeren nan ɓata lokaci ne. Na ce bari in nuna masa yadda masu zafin nama ke aiki, na cilla guntun bakin cikin kaskon.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Abin da ke kwance luf ya yi tsalle sama, ya watsu a kwanon rufi kamar an watsa tsakuwa. Wani ɗigo ya huda min hula. Ba-Gaggawa ya faɗi zaune, ya dafe idon dama da hannu biyu.

Innalillahi. Ɗan ruwan da bai cika cokali ba, ya shiga zafin da ya ninka tafasarsa sau shida, ya zama tururi a take a ƙarƙashin ƙarfe, bai sami hanyar fita ba sai da ya yi jifa da shi. A nan na gane abin da ya ci idon hagu. A nan kuma na fara tunanin da wane baki zan gaya wa yayata na ƙarasa mata miji.

"Yaya! Yaya, don Allah yi magana! Wanke ta kawai na yi, wallahi don tsabta!"

Masu shagunan gefe suka cika ƙofa, ba mai motsi. Can ya sauke hannu a hankali. Ƙasan idon, a kan kunci, fata ta tashi fari kamar ƙwayar wake. Idon a rufe yake, yana zubar da ruwa. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya buɗe.

Na durƙusa ina kaɗa masa hannu. "Kana gani? Yaya, kana ganina?"

Ya juyo da kai gaba ɗaya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ina ganinka, abin takaicin ke nan. Ido ɗaya ya rage min a duniya, Allah Ya bar min shi, kuma da na buɗe kai na fara gani. Tashi ka fita, kana min zufa kusa da kasko."